Bitamin D da ciwon hanji na IBS: amsa ga mai shan ƙwayar 50,000 kullum

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 36, ina da 'ya'ya huɗu, ina ɗinki a gida. Shekara uku ke nan cikina bai bar ni na huta ba: murɗawa, kumburi bayan cin abinci, da iska har alwala ba ta tsaya mini. Sai in yi kwana uku ban zaga ba, in na zaga kuma kamar kashin awaki, wani lokaci zawo ya biyo baya. An yi mini maganin taifot sau biyar, na olsa sau biyu. A ƙarshe wani likita ya ce IBS ne. Ƙawata ta turo mini bidiyo a WhatsApp cewa ƙarancin bitamin D ke kawo shi. Na sayi mai lamba 50,000 a kemis ina shan ɗaya kullum, yau kwana 12, tare da ƙwayar kalsiyam da mai kemis ya haɗa mini. Amma taurin bayan gida ya ƙaru, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Ina kuma shan maganin hawan jini. In ci gaba ne ko in ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da fama, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Da tambayarki ta ƙarshe za mu fara, domin ita ce ba ta jira: kada ki ci gaba, kada ki ƙara. Ki ajiye ƙwayar nan daga yau, ita da ta kalsiyam, sannan gobe ko jibi ki je asibiti a auna miki kalsiyam na cikin jini, da lafiyar ƙoda, da suga. Ki tafi da kwalayen duk abin da kike sha.

Ga lissafin. Ana auna bitamin D da ma'aunin da ake rubutawa IU a jikin kwali. Baligi yana buƙatar kimanin 600 a rana, kuma iyakar da aka yarda mutum ya riƙa sha kullum ba tare da kulawar likita ba ita ce 4,000. Ƙwayar 50,000 an yi ta ne don wanda awo ya tabbatar yana da ƙaranci, ya sha ɗaya a mako har mako shida zuwa takwas, ya tsaya. Ke kin sha 600,000 cikin kwana 12, wato ninki biyu na abin da ake ba mai ƙaranci a mako shida.

Aikin bitamin D shi ne jawo kalsiyam daga abinci zuwa cikin jini. In ya yi yawa sai kalsiyam ya hau, kuma kin ƙara masa da ƙwaya. Kalsiyam mai yawa yana hana ƙoda riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, ƙishirwa ta biyo. Yana kuma rage motsin hanji, sai bayan gida ya ƙara tauri. Abubuwa ukun da kika lissafa duka sun dace da wannan, shi ya sa muke matsa miki. Ƙishirwa da fitsari na iya zama ciwon suga ma, don haka muka ce a duba shi a lokaci guda. In amai ya fara, ko ciwon kwiɓi, ko kasala mai nauyi, ko kika ji tunaninki na rikicewa, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Kada ki zata da kin daina sha komai zai koma daidai washegari. Bitamin D a cikin kitse yake narkewa, jiki kuma a kitse yake adana shi, ba ya fita ta fitsari kamar bitamin C. Wanda ke yawo a jini yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya ragu da rabi. Kafin ki ga likita ki yawaita shan ruwa, lita biyu zuwa uku a yini, sai fa in an taɓa taƙaita miki ruwa saboda zuciya ko ƙoda.

Maganin hawan jininki ma yana cikin maganar. Ki duba kwalinsa ko akwai sunan hydrochlorothiazide, ko indapamide, ko bendroflumethiazide. Na farkon yana cikin Moduretic da ake yawan bayarwa a Najeriya, kuma akan haɗa shi da wasu magungunan a ƙwaya ɗaya. Wannan dangin magani yana hana ƙoda zubar da kalsiyam, to in ya haɗu da bitamin D mai yawa matsalar ta ninku. Kada ki daina shi da kanki, likita ne zai ce a dakatar ko a canza.

Bidiyon da ƙawarki ta turo kuwa hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Gaskiya ne an sha samun ƙarancin bitamin D a jikin masu IBS. Wani bincike da aka yi a Saudiyya a 2015 ya sami ƙarancin a kashi 82 cikin ɗari na masu ciwon, da kashi 31 na waɗanda ba su da shi. Amma samun abu biyu tare bai nuna wanne ya haifi wanne ba. Mai ciwon ciki yakan guji madara da ƙwai da maiƙo, yakan rage fita don tsoron kada zawo ya kama shi a hanya. Ta haka ciwon da kansa zai iya jawo ƙarancin.

Hanyar rarrabewa ita ce a raba marasa lafiya gida biyu, a ba rabi bitamin, a ba rabi abin da ya yi kama da shi amma babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san nasa ba. An yi haka a Iran a 2016 da mutum 90, aka ba su 50,000 sau ɗaya a mako biyu har wata shida, aka ga sauƙi. Ki lura da tazarar: sau ɗaya a mako biyu. An yi a Masar a 2018 da matasa 112 waɗanda dukkansu suke da ƙaranci, 2,000 a rana har wata shida, nan ma aka ga sauƙi. Sai Jami'ar Sheffield a Ingila ta yi nata da mutum 135, ta ba su 3,000 a rana ta feshin baki har mako 12, ta wallafa a 2021. Bitamin ya hau a jininsu kamar yadda ake so, amma ciwon ciki da kumburi da jin daɗin rayuwa ba su bambanta da na waɗanda suka fesa fanko ba. A shekarar ce ƙungiyoyin likitocin ciki na Birtaniya da na Amurka suka fitar da jagororin kula da IBS, kuma bitamin D ba ya cikin magungunan da suka ba da shawarar amfani da su.

Me ya sa mutane ke rantsuwa ya yi musu aiki? Ciwon nan yana tashi yana kwanciya da kansa, kuma mutum yakan fara sabon magani ne lokacin da ya fi tsanani, sai kwanciyar ta zo a kan gaɓa. Ban da haka, a gwaje-gwajen IBS sama da mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka ba fankon magani sukan ce sun ji sauƙi. Ba ƙarya suke ba, hanji ne yake bin abin da zuciya ta sa rai. Hukuncinmu dai shi ne: wanda yake da ƙaranci ya gyara shi don ƙashinsa da tsokarsa, in cikinsa ya sami sauƙi a hanya alhamdu lillahi. Wanda ba shi da ƙaranci, ƙari ba zai gyara masa hanji ba.

Mai yiwuwa ne kina da ƙarancin tun farko, domin mai zaman ɗinki a ɗaki wuni guda, wadda in za ta fita ta rufe jikinta duka, tana cikin waɗanda ake samu da shi ko a ƙasar da rana ba ta yankewa. Alamarsa takan zama ciwon ƙashi da baya da cinyoyi, da wahalar miƙewa daga zaman tahiya ko hawa bene. Awon da ake yi sunansa 25-OH bitamin D. In sakamako ya fito da ng/mL, ƙasa da 12 ƙaranci ne sosai, 12 zuwa 20 bai isa ba, 20 zuwa sama ya wadatar da yawancin mutane, sama da 150 kuwa ya shiga haɗari. In da nmol/L ya fito, ki raba lambar da 2.5. Mutane da yawa sun tsorata ko sun saki jiki a banza saboda rikita ma'aunan nan biyu. Awon da za a yi miki yanzu zai nuna abin da kika sha ne, ba zai nuna yadda kike a da ba. Sai bayan wata uku da dainawa za a maimaita a san ko kina buƙatar wani abu.

In a lokacin likita ya ga kina buƙata, abin da aka saba bayarwa don riƙewa shi ne 800 zuwa 2,000 a rana na nau'in D3, wanda ake rubutawa cholecalciferol. A sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, domin da kitse yake shiga jiki. Ga mai hanji irin naki, a nemi D3 zalla. Wanda aka haɗa da calcium carbonate yana taurara bayan gida yana kumbura ciki, na taunawa mai zaƙi kuma sau da yawa akwai sorbitol a ciki, wanda ke kawo iska da zawo. Kada a karɓi alfacalcidol ko calcitriol a madadinsa ko da mai kemis ya ce duk ɗaya ne. Waɗannan na masu ciwon ƙoda ne da makamantansu, suna ɗaga kalsiyam da sauri. A kuma haɗa lissafi da abin da ke cikin ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe da man hantar kifi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai tsakuwar ƙoda, mai tarin fuka, mai juna biyu da mai shan maganin zuciya na digoxin, kada su fara sai da likita.

Rana ta fi ƙwaya araha, kuma jiki ba ya yin fiye da kima ta hanyarta. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton ranar sassafe ce mai bitamin. Hasken da fata ke buƙata sai rana ta ɗaga yake sauka sosai, daga hantsi zuwa bayan azahar, lokacin da inuwarki ta fi ki gajarta. Ba ya ratsa gilashin taga, ba ya ratsa tufafi, kuma baƙar fata ta fi farar fata buƙatar lokaci. A tsakar gidanki, inda ba baƙon ido, ki buɗe hannuwa da ƙwauri minti 20 zuwa 30, kwana uku ko huɗu a mako. A abinci kuma akwai shi a kifin titus da shawa da sadin, da gwaiduwar ƙwai, da hanta.

Mu koma kan cikin. IBS ciwo ne na gaske, amma ba gyambo ba ne, ba ya zama ciwon daji, kuma ba ya nunawa a hoto. Hanji ne ya zama mai saurin jin zafi, motsinsa ya rikice, saƙon da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ya yi ƙarfi fiye da kima, har iskar da wani ba zai ji ba ke ki ji ta kamar ana murɗa ki. Ƙa'idar da likitoci suka tsara a 2016 ita ce ciwon ciki aƙalla kwana ɗaya a mako cikin wata ukun ƙarshe, wanda ke tare da aƙalla biyu daga cikin abubuwa ukun nan: alaƙa da zagawa, canjin yawanta, canjin kamanninta, kuma ya faro wata shida ko fiye da suka wuce. Bayaninki ya dace da haka. Duk da haka, ki tabbatar an yi miki awon yawan jini, da awon jini na ESR ko CRP mai nuna kumburin cikin jiki, da awon bayan gida, domin atini da tsutsar ciki da ƙwayar cutar zawo ta giardia suna kwaikwayon IBS a yankinmu. Jini a bayan gida, rama ba dalili, zazzaɓi, ƙarancin jini, zawon da ke tashin mutum daga barci, ƙullutu a ciki, ciwon dajin hanji a dangi, ko ciwon ya fara bayan shekara 50: ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, ba a cewa IBS ne sai an leƙa hanjin. Kada kuma a ce basir ne a wuce.

Maganin taifot sau biyar ya dame mu. Awon Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot, yakan nuna akwai a jikin mai lafiya, kuma taifot ba ya zuwa ba zazzaɓi ya shekara uku. Kowane zagaye na maganin taifot irin ciprofloxacin da danginsa yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, ya bar cikin ya fi da rikicewa. Nan gaba in an ce taifot, ki nemi a yi awon da ake shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Abin da ya fi bitamin D hujja, na farko shi ne ɓawon ispaghula, wanda ake sayarwa da sunan Fybogel, ƙunshi ɗaya giram 3.5. Ki fara da rabin ƙunshi a cikakken kofin ruwa sau ɗaya a rana, ki sha nan take kafin ya yi kauri, ba dab da kwanciya ba. Bayan mako ki kai ƙunshi ɗaya, daga baya biyu in ciki ya karɓa. Wanda ya fara da yawa kumburi ke kora shi, wanda ya sha da ƙarancin ruwa kuma tauri ke ƙaruwa masa. Dusar alkama akasin haka take yi, tana ƙara iska da ciwo. In tauri ya ƙi, a magungunan sassauta bayan gida macrogol ya fi dacewa da ke, lactulose kuwa yana cika ciki da iska. Shayin sanna da jiƙe-jiƙen wankin ciki suna murɗa hanji, kuma su ne sukan kawo zawon da ke biyo bayan tauri. Don murɗawa akwai Buscopan miligiram 10 lokacin da ta taso, ko mebeverine miligiram 135 sau uku a rana minti 20 kafin abinci, ko ƙwayar man na'a-na'a mai rufi, wadda ake haɗiyewa ba a taunawa don kada ta kawo ƙwannafi. Loperamide na ranar zawo ne kawai, ga mai tauri irinki da taka-tsantsan.

A abinci ne za ki fi shan aiki, kuma a nan aka fi samun riba. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun nuna cewa wasu nau'o'in suga ba sa narkewa sosai a ƙaramin hanji, sai su jawo ruwa, su isa babban hanji su ruɓa su zama iska. A tukunyarmu manyan masu ɗauke da su su ne albasa, tafarnuwa, wake da 'ya'yansa ƙosai da alale, alkama a burodi da taliya da gurasa, madara, zuma, mangwaro, kankana da dabino in an ci da yawa. Waɗanda ciki ya fi karɓa su ne shinkafa, gero, dawa, dankalin turawa, ƙwai, nama, kifi, gyaɗa, karas, alayyafo, gwanda, abarba da lemun zaƙi. Ki janye rukunin farko na mako huɗu zuwa shida. In kin ga sauƙi, ki dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana uku, daga kaɗan zuwa cikakken rabo, kina rubuta abin da ya faru. Wannan dawowar ita ce mutane ke tsallakewa, su zauna shekaru a kan farar shinkafa har su rame, alhali abu biyu ko uku ne kawai ke damunsu. In mako shida ya cika ba canji, ki koma cin abincinki. Albasa ce ta fi wahalar bari, ga dabara: ki soya ta a mai ita da tafarnuwa, ki tsame su ki yar kafin ki zuba ruwa. Ƙamshin yana shiga mai, abin da ke kumbura ciki kuwa a ruwa yake narkewa. Ki duba ɗunƙulen miya ma, da yawa akwai garin albasa a ciki. Kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi ga wasu, ki gwada shi daban.

Yanayin ci ma yana da tasiri. Mai ɗinki takan wuni a kan keke da shayi da goro, sai dare ta ci tuwo mai nauyi. Ki raba cin sau uku ko huɗu a kan lokaci, ki tauna a hankali, shayi ko kofi kada ya wuce kofi uku a rana, ki rage lemun kwalba da cingam da soye-soye da barkono mai yawa. Ki tashi daga keken ki taka ƙafa minti 20 zuwa 30 kullum. Da safe bayan karin kumallo hanji ya fi motsi, to ki ba kanki minti biyar zuwa goma a banɗaki ba yunƙuri. Tsuguno ya fi zaman kujera buɗe hanya.

In wata uku ya wuce da duk wannan ciwo bai lafa ba, ki tambayi likita game da amitriptyline ƙarami, miligiram 10 da dare, ana iya ɗagawa a hankali zuwa 30. Gwajin da aka yi a Ingila da mutum 463, aka wallafa a 2023, ya nuna ya fi fankon magani bayan wata shida. In kin karanta takardarsa za ki ga maganin ciwon damuwa ne, kada hakan ya firgita ki: a wannan ƙaramin adadi jijiyoyin hanji yake kwantarwa. Yana busar da baki, yana sa barci, yana iya ƙara tauri, don haka sai an fara daidaita bayan gida, kuma ba a fara shi sai kalsiyam ɗinki ya sauko.

Batun alwala kuma kada ki ƙulle shi a ciki don kunya, domin fargabar fitar iska a salla da kanta tana ƙara murɗa ciki. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin mai lalurar da alwala ba ta tsaya masa, kuma akwai rangwame a ciki. Ki sami malama ko malamin da kika amince da shi, ki faɗa masa sau nawa abin ke faruwa a yini da kuma lokutan da yake lafawa, domin a kan wannan hukuncin yake ginuwa.